Ganyen Bayan Feshi

Zuwa ga taubashiyata, Uwar Allura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatan da kike tsira wa allura ba tausayi. Mu nan lafiya lau. Uwar yara tana gaishe ki, yara ma haka. Damina ta sauka da kyau, sai dai ciyawa ta fi shuka sauri.

Albishirinki. Na rataye fartanya. Na sayi famfon feshi, irin wanda ake goyawa a baya, yanzu ni ke yi wa mutane feshin maganin ciyawa. Gonar da mutum biyar ke kwana uku suna nomewa, ni kaɗai nake gama ta kafin hantsi ya yi zafi. Ke da kika ce ba ni da komai sai tsayin banza, ki zo ki ga yadda dattawa ke sallama a ƙofar gidanmu suna tambayar yaushe zan samu sarari.

Abin da ya sa na rubuto, Inna ce ba ta jin daɗi. Gwaggonki dai kin san halinta, ba ta faɗa wa kowa ba, sai da uwar yara ta gan ta tana amai a bayan ɗaki. Kusan sati uku ke nan ciki na murɗa mata, bakinta ya yi ƙuraje, ko abu mai ɗumi ba ta iya kurɓa sai ya huce sarai. Mun sayo mata maganin shawara, ta sha, ya lafa, ya sake dawowa. Ki aiko mata da ƙwaya mai kyau ta hannun direban motar kasuwa, tunda kina zaune a kan magani kamar kaza a kan ƙwai. Kada ki aiko irin wadda kuke ba mutanen da ba ku sani ba.

Awakinta biyu kuma sun yi ɓari a sati ɗaya, wannan ma ya taɓa mata rai.

Ta ce in gaya miki kin manta da bayan da ya goya ki. Na ce mata ai tun kina yarinya ba ki da kirki.

Naki, wanda ya fi ki hankali,
Dogo

*

Zuwa ga Dogo, sabon Sarkin Ciyawa,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya, sai gajiyar tsayuwa. Ka gaishe da uwar yara, ka ce ina yi mata sannu da haƙurin zama da kai. Ina taya ka murna, ashe tsayin zai yi rana. Allah ya sa albarka.

Labarin Gwaggo bai yi mini daɗi ba. Ba zan aiko da ƙwaya ba, don ban san abin da ke damunta ba, kai ma ba ka sani ba, mai maganin shawarar ma bai sani ba. Ka kai ta asibiti a gwada jininta da fitsarinta, ka aiko mini da takardar.

Ka san ɗakin da nake aiki, na masu wankin ƙoda ne. Inji takwas gare mu, masu jiran su sun fi sittin. A 'yan shekarun nan ina lura, da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana manoma ne, mutane masu ƙarfi, ba ciwon suga, ba komai, sai ka ga ƙafa ta kumbura. In ka tambaya, sai ka ji suna feshi, ko suna shan ruwan da ke gangarowa daga gonakin da ake feshi. Shi ya sa da na ga feshi da amai da ɓarin awaki a takarda ɗaya, gabana ya faɗi.

Don haka ka ba ni amsa, in ƙwaƙwalwarka za ta ɗauka. A ina kake ajiye maganin? A ina kake wanke famfon? Me kake sawa a hanci da hannu? Me awakin Gwaggo ke ci? Ita kanta me take ci wanda ku ba kwa ci?

In ka illata mini Gwaggo da ƙazantarka, wallahi allurar doki zan zo in yi maka, a gaban yaranka.

Taubashiyarka, kuma uwar ɗakinka,
Uwar Allura

*

Zuwa ga Uwar Allura, babbar mai bincike,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Inna da sauƙi, jiya har ta fita.

Wasiƙarki ta ba mu nishaɗi. A bakin shagon mai maganin ciyawa na karanta ta, inda muke zama da yamma. Da na zo wurin allurar doki, wani dattijo sai da ya ƙware don dariya. Sun ce in gaya miki bakinki bai mutu ba.

Maganar ƙoda kuwa, mai shago ya ce ki kwantar da hankalinki. Wannan magani ba ruwansa da mai jini a jiki, ciyawa kaɗai ya sani. Ya ce shekara tara yana sayarwa, a cikin shagon yake cin abinci, ga shi nan da tumbinsa. Ni ma in bakin famfo ya toshe da baki nake busawa, ban ga na bushe ba. Murfi biyu aka ce a zuba, ni uku nake zubawa, don manomi in bai ga ciyawa ta kwanta da wuri ba sai ya ce ka rage masa magani.

Ga amsar jarrabawarki. Maganin yana cikin rumbu, a sama. Famfo a kududdufin bayan gari nake wanke shi, ba a rijiya ba, ni ba mahaukaci ba ne. A hanci ba na sa komai, numfashi nake yi da shi.

Abin da Inna ke ci kuwa, kin san ganyen miyar nan da ke fitowa da kansa a tsakanin kunyoyi. Da can masu noma in suna nome gona sai su ware mata shi gefe. Yanzu babu mai warewa, famfo ba ya zaɓe. To shi maganin sai ya kwana biyu kafin ganye ya fara nuna alama. Saboda haka in na dawo da hantsi sai in gaya mata gonar da na gama, ita kuma da la'asar ta ɗauki kwando ta bi sawuna. Ta ce tunda hukunci ya riga ya hau kansu, gara ta kwashe su tun suna kore, barin su ɓarna ne. Masu gona ba sa hana ta, sun san abin mutuwa zai yi. Ciyawar kuma ta yanko wa awaki. Sau biyu take wanke ganyen, kin san tsabtarta. Mu ba ma ci, uwar yara ba ta son ganyen daji, Inna ke yin kayanta a 'yar tukunyarta.

Asibiti sai bayan na rage aiki, yanzu kowa ni yake jira. Ki aiko ƙwayar dai, rowa ba kyau.

Naki, Sarkin Ciyawa da kansa,
Dogo

*

Zuwa ga ɗan Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarka.

Wannan takarda ba ta bakin shago ba ce. Kai kaɗai na rubuta wa, kuma babu wasa a cikinta ko layi ɗaya. Na san tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba, amma yau ka daure ka ji ni kamar ba ka san ni ba.

Guba Gwaggo take ci. Kullum. Ganyen da ka jiƙa da magani da safe, kafin la'asar ya riga ya sha, wanki sau biyu ko sau goma ba zai fitar da abin da ya shiga cikinsa ba. Koren da take gani ba lafiya ba ce, mutuwar ce ba ta ƙaraso ba. Awakinta sun gaya muku, ba ku ji ba. Kuma kai da bakinka kake nuna mata gonar!

Mai shago ya ce ba ruwansa da mai jini. Ka ɗauko jarkar maganin ka juya bayanta. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa da ke jiki, ciyawa aka zana wa? Mutumin da abincinsa ke cikin jarkar nan kake tambaya ko jarkar tana da illa.

Daga yau kada ta sake tsinkar ganye ko ciyawa a gonar da ka taɓa. Ka kai ta gwajin jini a satin nan, ba bayan ka rage aiki ba. Kai kuma ka daina busa famfo da baki, ka rufe hancinka da hannunka, ka daina wanke shi a kududdufin da dabbobi ke sha.

Na nemi hutu in zo da kaina, babbar nas ta hana. Biyu daga cikinmu sun bar aiki, mu huɗu muka rage a kan inji takwas. Na fito daga ofishinta ina kuka don takaici. Matar da ta raine ni tana can tana dafa guba, ni kuma ina nan ina auna fitsarin iyayen wasu.

Ka ba ni amsa a motar da za ta dawo.

'Yar kawunka

*

Zuwa ga ɗan Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ko da yake ban san komai ba. Sati biyar ke nan. Duk ranar kasuwa ina zuwa tasha, ba direban, ba takarda. Waɗanda na tambaya, wannan ya ce motar ta lalace, wancan ya ce ya canza hanya.

In fushi kake yi, ka yi, amma ka rubuto layi ɗaya ka gaya mini ko ta daina cin ganyen. In kuma ka sake kai wasiƙata bakin shago an yi dariya, to Allah ya isa tsakanina da kai. Ban taɓa faɗa maka wannan da gaske ba sai yau.

Wannan ta hannun wani mai ɗaukar buhuna na ba da ita, ya ce zai bi ta wajenku.

'Yar kawunka

*

Zuwa ga taubashiyata,

Sallama. Muna nan. Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso. Ta farkon tana aljihun ƙofar motar direba, motar kuma tana wurin makanike wata guda.

Ban kai su shago ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, da na karanta ta farkon sai da na juya bayan takardar ina neman inda za ki ce wasa kike. Ban samu ba. Ɗan Gwaggo kika ce mini, kamar wani baƙo. Har da Allah ya isa. Ni da na yi ta ɗaukar ki a wuya in za mu haye rafi. Na ji zafi, amma na yi abin da kika ce.

Na daina gaya wa Inna gonar da na shiga, na kuma ɓoye kwandon. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Ita da ganyen nan ya raina, yau shi take kira guba? Boko ya cinye mata kai." Na ce Inna ki yi haƙuri, umarni ne daga sama.

Na kai ta ƙaramin asibitinmu. Sun ce abin gwajin jini ya ƙare tun bara. Suka sa mata ruwa leda biyu, suka ba ta maganin zazzaɓi, muka dawo. Aman ya ragu. Sai dai ƙafafunta sun yi nauyi, takalminta ba ya shiga. Tana yawan shaƙuwa, tana susa har jikinta ya yi fari. Uwar yara ta ce ba ta cika zagayawa ba, wai wuni guda sau ɗaya, shi ma kaɗan. Ina ganin tsufa ne da rashin fita.

Feshi ba zan iya dainawa ba, da shi nake ciyar da gidan nan. Amma yanzu ina ɗaura tsumma a hanci, mutane na ce mini ɗan fashi.

Ki kwantar da hankalinki, ba ta sake tsinko ko ganye ɗaya ba, kuma ba ta rasa miya ba. Ashe tun farkon damina rabin abin da take kwasowa shanya shi take yi. Buhu uku ta tara busasshe a ɗakinta, da shi take girki yanzu, zai kai ta har baɗi. Kin ga ba sauran abin faɗa.

Naki,
Dogo

*

Dogo,

Innalillahi. Buhu uku! Daga waɗanne gonaki ta tara su, in ba waɗanda ka fesa ba? Rana ruwa take ɗauke wa ganye, ba ta ɗauke guba. Ka ɓoye kwando ka bar mata buhu, sannan ka ce in kwantar da hankalina. Ni da wa zan yi, da kai ko da ita ko da mai shago?

Ka kwashe buhunan yau. Kada ka ba dabba, kada ka ƙona, ka haƙa rami nesa da rijiya ka binne.

Kumburin ƙafa da shaƙuwa da susa da ƙarancin fitsari ba tsufa ba ne. Kullum su nake gani a ɗakin nan. Na roƙi direba, ya yarda zai bar mata kujerar gaba. Ka sa ta a motar nan da ta kawo maka takardar. In ta ƙi, ka ɗauke ta cak, ta tsine mini daga baya, na yarda.

Ban da gaisuwa yau, ka yi haƙuri.

'Yar kawunka

*

Zuwa ga 'yar kawuna,

Sallama. Ga Inna nan tare da uwar yara, uwar yaran ce za ta ba ki wannan.

Buhu ɗaya da rabi na samu. Da na ɗauka sai ta riƙe bakin buhun da hannu biyu, ta ce sai dai in haɗa da ita in binne. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na daka mata tsawa. Ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ta saki buhun, ta zauna a bakin gado, ta ce, "To, ɗauki."

Sauran buhu ɗaya da rabin ta rabar. Kin san ba ta iya cin abu ita kaɗai. Uwar yara ta lissafo gida bakwai, har da na mai jegon da ke bayanmu. Shi ya sa ban biyo motar ba. Gida-gida nake bi ina karɓa, kuma a kowace ƙofa sai na faɗi dalili da bakina, a gaban mutanen da nake yi wa feshi. Na gama huɗu. A gida ɗaya sun riga sun cinye.

Na juya bayan jarkar, na ga hoton. Kullum yana wurin.

Ki gaya mini gaskiya, ke kika sani. Ni ne?

Dogo

*

Zuwa ga ɗan'uwana Dogo,

Assalamu alaikum. Sun iso lafiya, uwar yara tana wurina, tana ƙoƙari ƙwarai. Ka gaishe da yara. Gidan da suka cinye da gidan mai jego, ka ce su je babban asibiti a gwada su, kada su jira alama.

An yi wa Gwaggo gwaji ranar da ta iso. Ƙodojin duka biyu sun kusa tsayawa. Likita ya ce da an kawo ta wata biyu da suka wuce, da akwai abin da za a ceto. Yanzu sai wanki, sau biyu a sati, iya abin da ya rage mata. Ba za ta koma gida da zama ba, don babu inji a kusa da ku. Tana gado na huɗu. Ni nake sa mata allurar, jijiyarta ta yi siriri, jiya sai da na soka sau uku. Da na gama sai na fita waje.

Ka tambaye ni ko kai ne. Na tambayi likita, ya ce ga shekaru, ga ganyen, ba zai iya rantsewa a kan ɗaya ba. Ni ma ba zan rantse ba. Amma ba zan ce maka ba kai ba ne don ka ji sanyi, ka san ƙarya nake. Kai ka fesa, kai ka nuna mata gonar. Mai shago ya yi maka ƙarya. Ni kuma da gabana ya faɗi tun wasiƙarka ta farko, na tsaya ina yi maka barkwanci, don ban san yadda ake yi maka magana ba tare da shi ba. Wata biyun da likita ke faɗa, akwai rabona a ciki. Har yanzu ina jin haushinka, ina jin nawa, ban san wanda ya fi ba.

Ita ba ta ɗora wa kowa laifi. Ta gaya wa matar gado na biyar cewa ɗanta ne ke yi wa gari duka aiki, dattawa har gida suke zuwa neman sa. Tsawar da ka yi mata ba ta ambata ba. Abin da take tambaya kullum shi ne yaushe za ka zo. In an gama wankin jiri yake ɗibarta, sai an tallafe ta ta zauna, kuma ta ce ni da uwar yara ba mu da ƙashi, kai take so ta jingina da shi.

Ranar Laraba ne wanki na gaba. Ka taho. Ka yi wanka da sabulu sosai, ka yanke farce, ka sa rigar da ba ta taɓa zuwa gona ba, don a ƙirjinka za ta kwantar da fuskarta.

'Yar'uwarka